Littafinmu ya koma tafin hannu



Yau muna so mu taɓo wani abu da ba a cika kawo shi ba idan ana maganar rubutu. Mun saba tattauna jigo da salo da zubi, mun saba gardama a kan taurarin labari da yadda ake warware ƙulli. Amma akwai tambayar da ya kamata ta zo kafin waɗannan: idan mun gama rubutu mun sake shi, a kan me ake karanta shi? Duk mun san amsar, domin a kansa muke karanta wannan ma. Waya ce. Galibi kuma ba babbar waya ba, irin Tecno da itel da Infinix ɗin nan ne da ke hannun ƙannenmu da matan gidajenmu, wata gilashinta ya tsage, wata batirinta ba ya kai la'asar. Mai karatun yana riƙe da ita da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan tukunya ko yaro ko ƙarfen A Daidaita Sahu. Datar da yake ƙonawa da kuɗinsa ya saya, cajin kuma wataƙila sai da ya biya a shago aka yi masa. Wannan mutum shi ne kasuwarmu, shi ne kuma alƙalinmu. Idan rubutunmu ya wahalar da idonsa, ba zai aiko mana da ƙorafi ba. Zai ɗaga yatsa ne kawai ya wuce, mu kuma mu zauna muna cewa mutane sun daina karatu.

Ba mu ne farkon waɗanda suka daidaita rubutu da mazubinsa ba. Littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙanana ne, domin an yi su ne saboda mutanen da ba su daɗe da fara karatun boko ba. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun san wa suke rubuta wa. Littafi siriri ne, ana raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku, kuɗinsa daidai aljihun ɗaliba da matar aure, girmansa daidai jakar hannu. Sun auna mai saye kafin su je maɗaba'a. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, kuma cikin shekaru ashirin ta kwashe mafi yawan masu karatun nan ta mayar da su kan allonta. Haka ta faru a wasu ƙasashe. A Japan, a shekarar 2007, biyar daga cikin littattafan labari goma da aka fi saye sun fara ne a matsayin labaran da aka rubuta a waya, aka karanta a waya. Mazubi ya canza. Abin da ya rage shi ne mu auna shi kamar yadda magabatanmu suka auna nasu.

Mu fara da awo na zahiri. Takardar A4, wadda kwamfuta ke buɗe mana idan za mu yi rubutu, faɗinta santimita 21 ne. Faɗin allon yawancin wayoyi bai wuce santimita 7 ba. Idan muka tsara littafi a kan A4 muka mayar da shi PDF muka tura, waya za ta matse shafin gaba ɗaya ya shiga allonta, wato ya koma kashi ɗaya cikin uku na girmansa. Harafin da muka sa a lamba 12 zai koma kamar lamba 4, ƙanƙanta kamar ƙwayar gero. Mai karatu sai ya buɗa da yatsu biyu, ya ja dama ya ƙarasa layi, ya dawo hagu ya nemi farkon na gaba, haka har shafi ɗari biyu. An ƙirƙiri PDF ne domin shafi ya tsaya yadda yake ko a ina aka buɗe shi, wannan kuwa alheri ne ga mai buga takarda, wahala ce ga mai waya. Maganin ba shi da tsada. Idan dole sai PDF, a rage takardar zuwa A5, mai faɗin santimita 14.8, ko ƙasa da haka, a ƙara girman harafi, a rage faɗin gefe. Wanda ya fi wannan shi ne a saki rubutun a matsayin rubutu zalla, ko a tsarin EPUB, inda layuka ke karyewa da kansu daidai faɗin kowace waya, mai karatu kuma ya ƙara girman harafi yadda idonsa ke so. Dattijuwar da ke karatu da tabarau da yarinya 'yar shekara sha bakwai kowacce ta daidaita nata.

Daga nan sai sakin layi. Layi ɗaya a waya yana ɗaukar kalma bakwai ko takwas na Hausa. Sakin layi mai kalma ɗari biyu, wanda a littafi bai fi rabin shafi ba, a waya ya kusa layi talatin, ya cika allo daga sama har ƙasa ba wurin da ido zai huta. Idan aka kira mai karatu ya ɗaga kai ya dawo, sai ya rasa inda ya tsaya. Shi ya sa a labari yake da kyau kowane mai magana ya samu layinsa, a bar fili tsakanin sakin layi da sakin layi, a sa alamar zance a inda magana ta fara da inda ta ƙare. Aya da waƙafi ma aikinsu ya ƙaru, domin a ƙaramin allo su ne ke nuna wa ido inda zai ja numfashi. Mun sha ganin shafi guda cur babu aya ko ɗaya, sai ɗigo-ɗigo a jere, mai karatu bai san inda Hajiya ta yi shiru kishiyarta ta karɓa ba. Labarin yana iya yin daɗi, amma sai an sha wuya kafin a kai ga daɗin, kuma ba kowa ke da wannan haƙurin ba.

Sai dai a nan akwai wani rami a ɗaya gefen. Wasunmu da suka ji an ce a gajarta, sai suka koma kowace jimla layinta daban, kalma huɗu a sauka, kalma uku a sauka. Irin wannan yana da saurin karantuwa, amma tunani ba ya ƙulluwa a cikinsa. Sakin layi wuri ne da ake ɗauko magana ɗaya a juya ta har ta nuna. Idan aka daddatsa shi, bayanin gari ko halin zuciyar tauraro ko hujjar muƙala duk sai su zama tsintsiyar da aka kwance. Hausa tana da doguwar jimla mai daɗi, wadda ke tafiya da "sai" da "kuma" da "har" tana jan mai sauraro, irin wadda muka gada daga masu tatsuniya da masu ba da labari a dandali. Bai kamata waya ta raba mu da ita ba. Abin da muke nema shi ne matsakaici: a muƙala irin wannan sakin layi yana iya yin tsawo idan maganar ɗaya ce, a labari mai yawan zance kuma a sassauta. Ma'aunin shi ne ko mai karatu zai iya ɗaga kai ya dawo ya gane wurinsa.

Yanzu ga batun da ya fi damun mu, wato baƙaƙe masu ƙugiya: ƙ da ɗ da ɓ, da kuma ƴ wadda 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu a Nijeriya muke sa 'y. Tun shekarun 1930 aka shigar da masu ƙugiyar nan cikin rubutun boko, saboda sautukan daban suke kuma ma'ana tana rataye a kansu. "Sun tafi fada" da "sun tafi faɗa" tafiya biyu ce, ɗaya gaban sarki, ɗaya wataƙila gaban alƙali. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bari da ɓari. A zamanin wayoyi masu maɓalli muna da uzuri, domin babu baƙaƙen a cikinsu, shi ya sa aka saba da rubuta k' da d' ko q ko a bar su haka nan. Yau uzurin ya ƙare. Dukkansu suna cikin Unicode, tsarin da wayoyi da kwamfutocin duniya ke amfani da shi wajen gane haruffa, manya da ƙanana. Wanda ke da Gboard ya shiga saitin harsuna ya ƙara Hausa, zai same su, ko dai a fili ko ta danne k da d da b na ɗan lokaci. Aikin minti biyu ne.

Abin ya wuce kyan gani. A wurin na'ura, k da ƙ haruffa biyu ne mabambanta, kowanne da lambarsa. Idan kalma ɗaya muka rubuta ta ƙasa, wani ya rubuta kasa, wani k'asa, wani qasa, to mun raba ta gida huɗu. Mai neman labarinmu da sunansa zai iya rubuta ɗaya ya rasa sauran. Manhajojin fassara da masu gyara kuskuren rubutu kuma daga abin da muke zubawa a intanet suke koyon Hausa, abin da muka shuka shi za su tsiro da shi. Ga kuma yara masu tasowa, waɗanda da yawansu Hausar da suke karantawa a waya ta fi wadda suke gani a aji yawa nesa ba kusa ba. Yarinyar da ta karanta littafi hamsin a WhatsApp, daga wurinmu take koyon inda ake raba "ba ta" da inda ake rubuta "ɓata". Ko mun so ko ba mu so ba, mun zama malaman ƙa'idojin rubutu.

Akwai kuma kwalliyar haruffa, irin masu lanƙwasa da masu kauri da ake kwafowa daga wasu manhajoji ana rubuta sunan littafi da su. Yawancin waɗannan asalinsu alamomin lissafi ne da aka tanada a Unicode domin masana lissafi, kamanni kawai suka yi da haruffa. Babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsu, shi ya sa za ka ga sunan littafi ya tafi a lanƙwashe sai harafi ɗaya ya fito tsirara a tsakiya. A wasu tsofaffin wayoyi akwatuna ne kawai ke bayyana a wurinsu. Wurin bincike ma sau da yawa ba ya gane su, wato marubuciya ta ɓoye sunan littafinta da hannunta. Idan ana son kauri a WhatsApp, tauraro ɗaya a farkon kalma ɗaya a ƙarshe ya wadatar, kuma harafin yana nan a matsayinsa na harafi.

Sai rubutu a cikin hoto. Mun san dalilin da ya sa wasu ke ɗaukar hoton shafi su tura maimakon rubutun kansa: tsoron ɓarayin zaune, masu kwafe labari su cire sunan mai shi su sayar. Tsoron gaskiya ne, kuma duk wanda ya kwana yana buga rubutu da babban yatsa ya san zafin abin. Amma mu duba lissafin. Harafi ɗaya na boko bayit ɗaya ne, mai ƙugiya biyu. Muƙala mai kalma dubu biyu ba ta wuce kilobayit goma sha biyu ba. Littafi mai kalma dubu ɗari, a rubutu zalla, bai kai megabayit ɗaya ba. Hoto guda da kyamarar waya ta ɗauka kuwa yana iya kai megabayit biyu ko uku. Wato hoton shafi ɗaya yana iya cin datar da ta ishi littafi sukutum. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, don haka wannan lissafi ya ƙara nauyi a aljihun mai karatu. A ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, rubutu zai sauka nan take, hoto kuwa ya yi ta juyawa. Ɓarawon da ake gudu kuma bai rasa hanya ba, domin manhajoji irin su Google Lens suna zare rubutu daga hoto cikin daƙiƙoƙi. An kulle ƙofa, mai gida ne kawai ya kwana a waje.

Akwai wasu masu karatu da hoto ke rufe wa ƙofa gaba ɗaya, su ne 'yan uwanmu makafi da masu raunin gani. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, masu karanta abin da ke kan allo da murya. Rubutu suke bi. Mai raunin gani kuma yana ƙara girman harafi a saitin wayarsa, rubutu ya ƙaru, amma abin da ke cikin hoto ba ya motsi. Haka batun launi. Ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet ke bi a duniya ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 a kan 1. Ba sai mun auna ba, mu dai san cewa jan rubutu a kan baƙi, ko ruwan ɗorawa a kan hoton fure, ba ya karantuwa a tsakar rana a Kano ko Damagaram. Baƙi a kan fari, ko fari a kan baƙi, har yau ba a samu wanda ya fi su ba.

Mu zo kan farkon shafi. Allon farko shi ne ƙofar gida, kuma WhatsApp da Facebook duka suna yanke dogon saƙo su bar mai karatu ya danna kafin ya ga sauran. Abin da ke sama kafin yankan shi ne kaɗai damar da muke da ita. Sau nawa muke cika wurin da jerin furanni da taurari, da sunan ƙungiya da takenta, da gaisuwa ga mutum goma sha biyar, da tallan kaya, har sai an ja allo sau uku kafin a ga jimlar farko ta labari? Gaisuwa da godiya halinmu ne, ba mu ce a bari ba, talla kuma da ita wasu ke sayen datar da suke rubutun. A mayar da su ƙarshe. A sama a sa sunan littafi, sunan marubuci, lambar babi, shi ke nan, sai labari. Lambar nan kuma a riƙe ta da tsari ɗaya daga farko har ƙarshe, domin wanda aka turo wa babi na 23 daga wani zaure ya san me ya wuce shi, ya kuma san abin da zai nema. Idan za a sa mahaɗin da zai kai mutum babi na gaba, a ba shi layinsa shi kaɗai. Masu ƙera Android sun ba da shawarar duk abin da za a taɓa da yatsa ya kai kimanin milimita 9, saboda yatsa ba tsinken allura ba ne. Mahaɗi uku a cunkushe a layi ɗaya, dole a danna wanda ba a nufa ba.

Abu na ƙarshe shi ne ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana rufe asusu ba sanarwa. Manhajojin da muke dogara da su ma ba dawwamammu ba ne. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara goma tana aiki. Littafin kasuwar Kano da aka buga a 1990 ana iya tsintar kwafinsa a akwatin wata gwaggo yau, amma labarin da aka saka a zaure ɗaya kawai yana iya ɓacewa da ɓacewar zauren. Kowannenmu ya riƙe cikakken kwafin aikinsa a rubutu zalla, babi-babi a jere, a wuri biyu aƙalla, ɗaya a cikin waya ɗaya a imel ko wata ma'ajiya ta intanet. Daga wannan kwafin ake iya fitar da EPUB ko PDF ko littafin takarda duk ranar da hali ya samu. Daga tarin hotuna kuwa sai an sake bugawa daga farko.

Duk abin da muka lissafa ana iya gwada shi kafin a saki rubutu, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Mu tura wa kanmu babin tukuna. Mu ari wayar da ta fi kowace ƙanƙanta a gidan mu buɗe shi a kai. Mu fita da ita rana mu gani ko yana karantuwa. Mu miƙa wa Inna ko Yaya ko wani wanda bai san labarin ba, mu yi shiru muna kallon yatsansa: inda ya tsaya ya buɗa allo, inda ya koma baya, inda ya tambaye mu wa ke magana. Duk wurin da ya yi tuntuɓe, akwai gyara a nan. Minti goma ne, kuma sun fi mana amfani a kan yabon mutum ɗari da ba su karanta ba.

Masu karatunmu suna ba mu abin da ya yi musu tsada, datarsu da cajinsu da ɗan lokacin da suka samu bayan aikin gida ko kasuwa. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to a rubutun waya tsarin shafi shi ne fuskar da muke tarbar baƙo da ita tun kafin ya ji abin da muka dafa. A wannan mako muna roƙon kowa ya ɗauki babi ɗaya daga cikin abin da ya riga ya saki, ya sa masa ƙugiyoyinsa, ya raba masu magana, ya sauke gaisuwa zuwa ƙasa, sannan ya karanta shi a ƙaramar waya ya ga bambanci da idonsa. Wanda ya gwada ya zo ya ba mu labarin abin da ya gani, mu ƙaru da juna.

Allah ya ƙara basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka.